Ba Laifin Mai Waya Ba Ne, A Gyara Mana Manhajoji

Jama'a, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu, kuma lokaci ya yi da za mu daina furta ta: "Ni ban iya waɗannan abubuwan ba." Dattijo kan faɗe ta yana miƙa wa yaro wayarsa a ƙofar banki. Uwa kan faɗe ta a shagon intanet tana ƙirga wa mai kwamfuta kuɗin cike fom ɗin 'yarta. Har malami mai digiri sai ka ji ya faɗe ta cikin jin kunya, bayan manhaja ta yi ta koro shi. Dukansu sun ɗauki laifin da ba nasu ba sun aza a ka. Idan tela ya ɗinka riga wuyanta ya ƙi shiga, ba wanda zai ce kan ne bai iya sa riga ba, wajen telan ake komawa. Manhaja ma mutum ne ya ƙera ta, an kuma biya shi ladansa.

Mun ga iyakar abin a farkon 2023. Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, aka ce kowa ya koma tura kuɗi ta waya. Talakawa ba su ƙi ba. Mai shayi ya liƙa lambar asusunsa a jikin tebur, mai kayan miya ta karɓi taransifa, ɗan adaidaita sahu ma haka. To, sai a danna a tura, wani ɗan zobe ya yi ta juyi a allon waya, can ya tsaya cak. Ba a ce kuɗi ya tafi ba, ba a ce bai tafi ba. Mai saye na rantsuwa an cire masa, mai sayarwa na rantsuwa bai ga alat ba, masu gaskiya biyu suna hararar juna a kan mudun shinkafa. Wani ya sake turawa, a cire masa sau biyu, ya shafe makonni yana zarya. Na yarda cunkoso ya fi ƙarfin na'urorin bankuna a lokacin. Amma cunkoso bai hana a rubuta wa mutum jimla ɗaya da zai gane ba: "Kuɗinka bai isa ba tukuna, kada ka sake turawa." Rashin wannan jimlar sakacin mai tsara manhaja ne. Kasuwa kuwa ta yanke hukuncinta, don a wannan tsakanin ne jama'a suka yi tururuwa zuwa irin su OPay da Moniepoint, saboda a can in ka danna kana ganin sakamako.

Mai ƙaramar waya shi ya fi shan wuya. Lambobin nan da ake bugawa da tauraro, su ne bankinsa. Jerin zaɓi ya fito da Turanci, yana cikin haɗa baƙi, yana duba lambar asusu mai alƙaluma goma a 'yar takarda, sai lokaci ya ƙare, layi ya yanke, ya koma farko. A 2021 kuma aka ƙayyade cajin naira 6.98 a kan wannan hidima. Ƙarshenta ya gaji, ya miƙa wa baƙo wayar, ya faɗa masa lambar sirri da bakinsa. Daga nan 'yan damfara ke samun ƙofa. Ana ta yi mana wa'azin kada mu ba kowa lambar sirri, alhali an gina abin yadda sai da ɗan jagora ake shigarsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar suna. Sa'adatu ta rubuta sunan da aka raɗa mata ranar bakwai, shafi ya fito da jan rubutu wai sunan ba daidai ba ne, saboda 'yar alamar da ke tsakiyarsa. Haka Mu'azu, haka Isma'ila, haka Ja'afar. Ɗanladi kuwa tuni ya haƙura da lanƙwasar harafinsa na farko. Haruffanmu masu ƙugiya suna cikin tsarin Unicode tun shekarun 1990, kowace wayar zamani tana iya nuna su, mai shirya fom ne kawai bai tuna da mu ba. Sai wani ma'aikaci ya cire alamar, wani ya sa tazara, wani ya ƙara harafi, mutum ɗaya ya wayi gari da suna uku: ɗaya a lambar banki ta BVN, ɗaya a lambar ɗan ƙasa ta NIN, ɗaya a takardar sakandare. Da aka ba da umarnin haɗa layukan waya da NIN a Disambar 2020, sannan hukumar jarrabawa ta JAMB ta wajabta lambar ga masu rajista daga 2021, wannan ƙaramin sakaci ya zama dogon layi a rana, da kuɗin mota, da takardar rantsuwa a kotu.

Kada kowa ya ce mana jahilcin mutanenmu ne. Wa ya buɗe aji ya koya wa tsofaffinmu aika saƙon murya a WhatsApp? Madanni ɗaya ne, ka riƙe ka yi magana ka saki, ga shi kaka tana gaisawa da jikanta da ke Saudiyya. A gida ma an gwada an gani. A 2017 JAMB ta lura yara da yawa ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, sai ta tsara yadda ɗalibi zai yi jarrabawa da madannai takwas kacal: huɗu na zaɓen amsa, sauran na zuwa gaba da komawa baya da miƙa aiki. Ashe in an so, ana iyawa.

Ga kuma 'yan'uwanmu makafi. Wayoyin Android na ɗauke da TalkBack mai karanta wa mutum abin da ke allo, amma in mai manhaja bai raɗa wa madanni suna ba, babu sunan da za ta karanta masa. Ƙungiyar W3C ta fitar da ƙa'idojin sauƙaƙa shafuka ga masu buƙata ta musamman tun 1999, an kuma sa hannu a dokar hana wariya ga naƙasassu a Nijeriya a Janairun 2019. Ba wanda ke da uzurin rashin sani.

Saboda haka, matasanmu masu rubuta manhaja a Kano da Kaduna da Abuja da Yamai, da ku nake. Ku fito daga ofis mai sanyi. Masanin nan Jakob Nielsen ya nuna tun 2000 cewa gwaji da mutum biyar kawai kan tono mafi yawan matsalolin amfani da shafi. Ku ɗauki waya mai araha, mai ƙaramin rumbu da tsagaggen allo, ku je Kantin Kwari ko tashar mota da tsakar rana, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Ku miƙa wa mai shago, ku ce ya tura dubu biyu, sannan ku kame bakinku, kada ku nuna masa komai. Duk inda yatsansa ya tsaya yana shawagi, nan aikinku ya gaza. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A can za ku gane siririn rubutu mai launin toka ba ya karantuwa a hasken rana, kuma hoton ado na cinye datar da aka saya da guminta. Ku sa Hausa, amma wadda Bahaushe ya rubuta ya kuma karanta wa wani ya gane, ku ƙara murya ga wanda bai yi boko ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ma buƙatarsu ke nan, don Faransanci ne ke tare musu ƙofa.

Shugabannin ma'aikatu da bankuna, kada ku biya ɗan kwangila kuɗin shafi sai talaka ya cike fom ɗin a gabanku da wayarsa, ba tare da an kama masa ba. Hukumar NITDA kuma ya kamata ta sa ido a kan shafukan gwamnati da wannan ma'auni.

Mu kuma jama'a, shirunmu ne ya ba su damar cewa komai lafiya. Manhaja ta wahalar da kai, ɗauki hoton allon, rubuta kokenka a Play Store da Hausarka, kamfanoni na jin zafin raguwar taurari. Kira gidan rediyo ka faɗi inda abin ya tsaya maka. In banki ne, kai ƙara a rubuce ka karɓi lambar shaida, in mako biyu ya wuce ba a warware ba, sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki na nan don haka. Ɗalibi, in ka taimaki tsoho a kan waya, kada ku rabu sai kun aika koken tare. Malam, Hajiya, daga yau kada ku ƙara ba kowa haƙuri don manhaja ta ƙi ku. Ku tambayi wanda ya yi ta, ku ce ya gyara.