Ƙidayar yunit a Tsiga: shin kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

Shawarar da ake yawan bai wa magidanta yanzu ita ce su sa ido a kan wutar da gidansu ke sha: a saka mita mai kati, a riƙa duba yunit safe da yamma, mai hali ma ya sayi na'urar da ke nuna masa a waya abin da kowace fanka ta ci. An ce da haka kuɗin wuta zai ragu. Kafin manomin Tsiga, a ƙaramar hukumar Bakori, ya taɓa kuɗin takinsa saboda wannan shawara, ya kamata a zauna a yi lissafi.

Mu fara da abin da gidan ke sha. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. A ɗauki gida mai ƙwan lantarki huɗu na wat 10 da ke ci awa biyar, da fanka biyu na wat 70 na awa shida, da talabijin na wat 60 na awa huɗu, da cajin wayoyi. Duka bai fi yunit 1.3 a rana ba, kimanin 40 a wata, shi ma in an kawo wutar kullum. Ko da an lissafa da farashin rukunin A na masu shan wuta, mafi tsada, wanda ya kai naira 209.5 kowane yunit a Yulin 2024, kuɗin watan naira 8,380 ne. A ce sa ido ya rage kashi goma cikin ɗari: naira 838 ke nan. Farashin mita mai layi ɗaya da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta amince da shi a Satumbar 2023 kuwa naira 81,975 ne, kuma ya ƙara tashi bayan an sake wa kasuwa farashin a 2024. Tattali kaɗai zai ɗauki fiye da shekara takwas kafin ya mayar da wannan kuɗi. Ƙa'ida ta ce wanda ya biya kuɗin mita daga aljihunsa, a tsarin da ake kira MAP, za a mayar masa da kuɗinsa sannu a hankali ta hanyar yunit, amma kuɗin kaka ne ya fita a dunƙule, zai dawo a tsittsinke.

Akwai kuma ƙananan kuɗaɗen da ba a faɗa. Harajin kashi 7.5 yana cikin kowane kati. Mai POS yana karɓar ladansa kafin ya ba ka lambobi ashirin ɗin da za ka danna. In gidan na da tsohon bashi, ana iya zaftare wani kaso duk lokacin da aka saka kuɗi. A babban gida mai sassa huɗu ko biyar da mita ɗaya, jar fitilar nan da ke ƙiftawa a jikin mitar ba ta faɗin ko dutsen gugar sashen wa ne ya cinye yunit, ko hitar amarya. Sai zargi ya shiga tsakanin 'yan'uwa. Na'urar waya kuwa tana buƙatar intanet da data da wuta tsayayya, kuma wutar da ke zuwa da ƙarfi bayan ɗaukewa tana iya ƙona ta.

Ba ina cewa mita ba ta da amfani ba. Babban amfaninta shi ne ta raba mutum da bil na ƙiyasi, wanda ke zuwa ko an sha wuta ko an kwana a duhu. NERC ta sa wa irin wannan bil iyaka tun Fabrairun 2020, amma mai mita ne kaɗai ke da hujja a hannu. Wannan adalci ne, kuma ya isa dalilin neman mita. Sai dai adalci daban, ragin kuɗi daban.

Kuɗin da ke cin aljihun mutanen wannan yanki yana fita ne a sa'o'in da babu wuta, kuma mita ba ta ganinsu. Ƙaramin janareta yana shan kusan rabin lita a awa. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, lita ta kai naira dubu a ƙarshen 2024. A kan wannan farashi, awa uku kowane dare ya zama kimanin naira 45,000 a wata. A ƙara kuɗin cajin waya a shago, da ƙarin kuɗin niƙan masara saboda injin ya koma kan man gas, da ƙanƙarar buɗa-baki a azumi, da karo-karon gyaran taransifoma, alhali NERC ta sha nanata cewa gyaran nauyin kamfanin rarraba wuta ne. A Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Katsina da Kano da maƙwabtansu sun yi fiye da mako a duhu. Mitoci sun tsaya cak, kashe kuɗi ya ninka.

Don haka abin da ya cancanci ƙidaya a Tsiga shi ne awannin da aka kawo wuta. Tun 2020 aka kasa masu shan wuta rukuni biyar, kowane da alƙawarinsa: A awa 20, B 16, C 12, D 8, E 4 a rana. Littafin rubutu ɗaya a hannun mai unguwa ko wani amintaccen mai shago, a rubuta lokacin da aka kawo da lokacin da aka ɗauke, ya isa ya nuna ko ana cika alƙawarin. Da shi za a je ofishin KEDCO, kamfanin da ke kula da Katsina da Kano da Jigawa tun 2013, in ba a samu biyan buƙata ba a wuce dandalin sauraron ƙorafi na NERC. Gida ya nemi mitarsa, ya canza tsofaffin ƙwayaye, ya bar na'urar waya ga masu wutar awa ashirin. Unguwa kuma ta fara rubutu daga wannan watan.