Hakkin Matar da Ba Ta Haihu Ba

Ya 'yan'uwa Musulmi, gorin haihuwa ya yi yawa a gidajenmu. A kira mace juya, ran da mijinta ya rasu kuwa dangi su tattara mata komatsanta, wai ba ta da kowa a gidan. Wannan zalunci ne. Aya ta 12 cikin Suratun Nisa'i ta ba matan mamaci rubu'i idan bai bar ɗa ba, tumuni idan ya bari, su raba daidai, mai goyo da marar goyo.

Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ba ta haihu ba. Alkunyarta ma, Ummu Abdullahi, daga ɗan yayarta ta samo ta. Amma hadisi 2,210 aka ruwaito daga gare ta, kuma manyan Sahabbai kan tambaye ta hukuncin rabon gado.