Kwalejin shekara biyu da mai son zama likitan haƙori

Iyaye da dama da 'ya'yansu ke Amurka, musamman mutanenmu na Kumasi da Yamai da suka zauna a Bronx, suna yi min tambaya iri ɗaya. Yaro yana son zama likitan haƙori, zai yiwu ya fara daga kwalejin shekara biyu ta unguwa don a rage tsada?

Zai yiwu. Amma ba kowane darasi ya kamata a ɗauka a can ba.

A Amurka ba a fita sakandare a wuce makarantar haƙori kai tsaye. Galibi sai an yi digiri na farko tukuna, sannan a yi wasu shekaru huɗu. Kafin su duba takardar yaro kuma, sai sun ga ya ci bayoloji, kemistiri, oganik kemistiri da fiziks, yawanci zango biyu-biyu tare da aikin ɗakin gwaji. Da yawa suna ƙara bayokemistiri.

Mu lissafa kamar 'yan kasuwa. A kwalejojin shekara biyu na CUNY, irin su Hostos da Bronx Community College, mazaunin birnin New York yana biyan dala 4,800 a shekara. A manyan kwalejojinta na shekara huɗu, irin su Lehman, dala 6,930 ne. Rarar ke nan dala 2,130. Kuɗi ne, ban raina ba, kuma in da jami'a mai zaman kanta ake kwatantawa, tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. Sai dai wasu makarantun haƙori suna ƙayyade yawan darussan da za su karɓa daga kwalejin shekara biyu, wasu kuma suna so su ga manyan darussan kimiyya daga jami'a. Yaron da ya kwashe komai a kwalejin unguwa yana iya tarar da ƙofar da yake so a rufe, ya koma ya maimaita. Ina ribar?

Ni shawarata, ya yi Turanci, lissafi, bayoloji da kemistiri na farko a kwalejin, ya ci su da kyau. Oganik kemistiri da bayokemistiri kuwa ya bar su sai ya koma jami'a. Masu tantancewa suna son ganin cewa makin bai faɗi ba da aka shiga aji mai wuya. Kuma kafin ya yi rajistar zangon farko, ya zaɓi makarantun haƙori biyar ko shida, ya karanta sharaɗin kowacce a shafinta.

Akwai kuma jarrabawar DAT, wadda kowa ke zaunawa ko daga ina ya fito. Sashen kimiyyarta tambaya 100 ne: 40 bayoloji, 30 kemistiri, 30 oganik. Maki mai kyau a nan yana rufe bakin mai shakkar kwalejin unguwa.

Alhaji, Hajiya, saura naku. Na san yaron da ke kwaleji kusa da gida shi ne hannun dama a shago, shi ake aika karɓo kaya, shi ke tsare kanti ranar Asabar. Zangon da yake yin oganik kemistiri dai, don Allah a ɗaga masa ƙafa. Makarantun haƙori suna ganin kowane maki da ya taɓa samu, har na darasin da ya faɗi ya sake.