Karɓar Shaidar Gwajin Wani: Sauƙi Ne Ko Cinikin Biri A Sama?

Duk ɗan Arewan da ke neman abinci a daffon mai na Apapa, ko a tashar ɗura iskar gas, ko a matatar Dangote da ke Lekki wadda ta soma aiki a 2024, ya san wurin da ba a kunna ashana. Sai dai ba ashana kaɗai ke tada gobara ba. Inda tururin fetur ko gas ya cakuɗa da iska, ɗan tartsatsin da ke fita daga makunnin lantarki, ko zafin jikin fitila, ya isa ya tashi wurin gaba ɗaya.

Saboda haka ake ƙera wa irin waɗannan wurare kayan lantarki na musamman masu ɗauke da alamar Ex. Wasu ana rufe su cikin akwatin ƙarfe mai kauri, yadda ko wuta ta tashi a ciki ba za ta fito ba. Wasu kuwa ana rage musu ƙarfin lantarki har tartsatsinsu ya kasa kunna komi. Kafin a ba su takardar shaida, sai an kai samfuri ɗakin gwaji, an cika akwatin da gas, an kunna masa wuta da gangan don a ga ko zai jure.

To, ga inda gardama take. Idan an gwada injin famfo a Jamus, za a kai shi wata ƙasa, shin hukumar can za ta amince da rahoton Jamusawa, ko kuwa sai ta sake gwaji tun daga farko?

A da kowace ƙasa da nata sharuɗɗa, mai kaya ya yi ta biyan kuɗin gwaji iri ɗaya, daga ƙarshe mai saye ne ke ɗaukar nauyin. Don magance wannan ne Hukumar Ƙa'idodin Lantarki ta Duniya, watau IEC, mai mazauni a Janeba, ta kafa tsarin IECEx a 1996, aka soma ba da takardunsa a 2003. Ƙasashe fiye da 30 na cikinsa, har da Afirka ta Kudu. Ɗakin gwajin da aka amince da shi zai rubuta rahoto bisa ƙa'idodin IEC 60079. Hukumar wata ƙasa ta duba rahoton, ta karɓa, sa'an nan ta gwada abin da dokar ƙasarta ta bambanta a kai kaɗai.

Ingila ma ta ɗanɗana wahalar yin gaban kai. Bayan ta fita daga Tarayyar Turai, ta ƙudura cewa sai kaya sun sami tambarinta na UKCA. Ta yi ta ɗaga ranar, har a watan Agusta 1, 2023 ta sanar za ta ci gaba da karɓar tambarin Turai na CE ba tare da sa wa'adi ba, ciki har da kayan wuraren da ke iya fashewa.

Ga Nijeriya, wadda ke sayo galibin irin wannan kaya daga waje, karɓar rahoton wasu hanya ce mai ma'ana. Tun 2005 Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ke aiki da shirin SONCAP, inda ake tantance kaya tun a ƙasar da za su fito.

Amma abin lura shi ne, rahoton gwaji shaida ce a kan samfurin da aka gwada, ba a kan kowane akwati da aka sauke a Tin Can ba. Shi ya sa IECEx bai tsaya kan rahoton ba. Ƙwararru daga wasu ƙasashe kan binciki ɗakin gwajin kafin a amince da shi, a kuma riƙa komawa. Ana bincikar masana'antar a kai a kai, don tabbatar da cewa abin da take ƙerawa bai kauce wa samfurin ba. Daɗin daɗawa, kowace takarda tana nan a ajiye a shafin tsarin na intanet, kowa na iya duba lambarta kyauta. Hukumar da ta karɓi kwafin takarda ba ta duba wannan ba, ta yi cinikin biri a sama.

Bayan haka, takarda ba ta ɗaure kusa. Fitila mai shaida ta gaske, in aka bar murfinta da kusoshi biyu maimakon takwas, ko aka huda ta aka zura waya, ta zama fitilar kasuwa. Kana idan lambar takarda ta ƙare da harafin X, akwai sharuɗɗan amfani na musamman da tilas mai haɗawa ya karanta.

Nauyi dai yana kan SON da hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa kula da daffo da tashoshin gas, su tabbatar da asalin kowace shaida, su kuma riƙa shiga wuraren aiki da idonsu. Su kuwa direbobin tanka da yaransu da masu gadi, waɗanda su ne kusa da bakin tanki, haƙƙinsu ne su tambayi shugaban aiki in sun ga murfi a buɗe ko waya a tsirara, su kai kuka ga ƙungiyarsu in ba a gyara ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.