Marubucin da Ya Shiga Tsere da Na'ura Ya Riga Ya Sha Kaye

Akwai wata shawara da ke yawo a zaurukan marubuta na WhatsApp da Facebook, har wasu na buɗe aji suna karɓar kuɗi a kanta: wai marubucin da ke son tsira a wannan zamani ya koyi sa ƙirƙirarriyar basira ta riƙa rubuta masa, ya fitar da littafi duk mako, maƙala goma duk yini. Ni sana'ata haɗa manhajar kwamfuta ce, kuma ina cewa wannan shawara guba ce, musamman ga marubuci mai zaman kansa wanda ba ya jiran albashi, abin da alƙalaminsa ya samo shi zai kai gida.

Mu fara da kasuwa. An saki ChatGPT ranar 30 ga Nuwamba, 2022. Kafin watan Fabrairun 2023 ya ƙare, mujallar Clarkesworld ta Amurka ta dakatar da karɓar gajerun labarai na ɗan lokaci, saboda ɗaruruwan labaran da na'ura ta rubuta sun yi mata ambaliya. A watan Satumba na shekarar, Amazon ya taƙaita wa masu wallafa da kansu littafi uku a rana. Duk wanda ya taɓa zuwa Kwanar Gafan lokacin da tumatir ya yi yawa ya san ƙarshen wannan labari: kwando yana neman mai ɗauka, manomi yana lissafin asara. Idan hajarka ita ce yawan kalmomi, abokin gasarka ba ya barci, ba ya biyan haya, kuma kusan kyauta yake aiki. Da me za ka kayar da shi?

Na'urar nan ba aljani ba ce. An ɗura mata rubutu mai ɗimbin yawa, ta koyi hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Saboda haka inda ta fi ƙarfi shi ne abin da aka riga aka maimaita sau dubu: attajirin saurayi mai girman kai, marainiya a hannun kishiyar uwa, auren dole da ya rikiɗe ya zama soyayya. Marubucin da jarinsa ke nan, gaskiya ne, yana cikin haɗari. To amma Hausar da ke intanet kaɗan ce idan aka gwada ta da Turanci, da yawanta fassara ce, wata ko ƙugiyar ɗ da ƙ babu. Shi ya sa Hausar na'ura takan fito da tufafin Hausa amma tafiyar Bature. Ba ta taɓa zama gidan biki ta ji yadda ake habaici ba, ba ta ji bambancin harshen Basakkwace da na Bakano da kunnenta ba. Wannan giɓi shi ne gonar marubuci, kuma shi ake ce masa ya bari ya tafi tseren sauri.

Wani tarkon ya fi wannan ɓoyuwa. Masu ba da aikin fassara sun koyi sabon salo: su zuba takarda a na'ura, su miƙo wa mai fassara su ce "ɗan gyara kawai", su biya wani ɗan yanki na kuɗin da. Duk wanda ya yi aikin ya san gyaran gurɓatacciyar fassara yakan ci lokaci kamar sabuwa, domin dole ka bi asalin jimla bayan jimla. Kuma idan takardar ta shafi magani ce, aka rubuta sau uku inda ya kamata a ce sau biyu, ba na'ura za a nema ba, kai za a nema. Wanda ya ɗauki alhakin aiki cikakke, ya karɓi ladansa cikakke.

Kada masu cewa a ƙaurace wa na'urar gaba ɗaya su ɗauka ina bayansu. Ba na nan. Ka sa ta jera maka bayanan da ka tattara, ta taƙaita maka doguwar takarda, ta rubuta wasiƙar neman biyan kuɗinka da Turanci. Amma ka bincika duk abin da ta ba ka, domin tana ƙirƙiro suna da kwanan wata ba tare da ta ƙifta ido ba. A watan Janairun 2023 shafin CNET ya yi ta bin maƙalolin da ya sa na'ura ta rubuta yana gyara kurakurai. Yaron shago ce, ba maigida ba.

Abin da ya rage wa marubuci ya sayar uku ne: ƙafa, kunne da suna. Ƙafar da za ta kai shi kotu ko asibiti ko tashar mota ya gano abin da ba a taɓa rubutawa ba. Kunnen da zai kamo magana yadda mutane ke yin ta. Sunan da mai karatu zai gani ya tura kuɗi tun kafin shafi na farko. Marubutan adabin kasuwar Kano na shekarun 1980 da 1990, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, ba da sauri suka kafu ba, da amincewar masu karatu suka kafu. Ranar da masu karatunka suka gane na'ura ce ke yi musu hira da sunanka, wannan amincewa ta tafi, kuma ba ta dawowa da ragin farashi.

Sai kuma haɗin kai. A 2023 marubutan fina-finan Hollywood sun yi yajin aiki na kwana 148, suka fito da yarjejeniyar da ta hana kamfani tilasta wa marubuci amfani da na'ura, ta kuma wajabta a sanar da shi idan abin da aka miƙo masa na'ura ce ta rubuta. Ƙungiyoyin marubutan Hausa ba su da ƙarfin yaji irin wannan, amma suna iya tsayar da mafi ƙarancin farashin fassara da na gyara, su kuma nemi duk gasa da mujalla ta bayyana ƙa'idarta a fili. Idan ba su yi ba, masu ba da aiki za su yanke farashin da kansu, kuma kowa ya san ɓangaren da wuƙar za ta bi.