Sharhi: A Auna Altaneta Kafin A Sayi Sabon Batir

Duk ɗan kasuwar da ke da mota a kan hanya ya san cewa ribarsa ba ta tsaya ga farashin kaya kaɗai ba, ta rataya ne kuma a kan lafiyar abin da ke ɗauke da su. Motar tumatir da ta taso daga Kano zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, idan ta kwana biyu a gefen titi, to uwar kuɗi ma sai an yi da gaske. Sau da yawa kuwa abin da ke tsayar da irin wannan mota ba inji ba ne, ba kuma giya ba. Na'urar cajin batir ce, wadda kanikawa ke kira altaneta.

Aikin batir shi ne tayar da mota. Da zarar inji ya kama, altaneta ce, wadda bel ke juyawa, take ba fitilu da sauran kayan lantarki wuta, ta kuma mayar wa batir abin da ya kashe. Idan ta gaza, mota za ta ci gaba da zuƙar batir har ya ƙare. A nan ne masu motoci da dama ke barin jaki su doki taiki: sai a sayo sabon batir, bayan 'yan kwanaki shi ma ya mutu. Batirin da aka zuƙe ƙarƙaf kuwa ba kasafai yake komawa ƙarfinsa na farko ba. An yi asara biyu ke nan, ciwon kuma yana nan.

Alhali gano gaskiyar lamarin ba ya cin minti biyar. Alamun farko su ne kunnuwar jan hoton batir a gaban direba, da dusashewar fitilu, da kuka ko ƙauri daga wajen bel. Sai a ɗora mitar awon wuta a kan batir. Lafiyayyen batir na ƙaramar mota, inji a kashe, yakan nuna bolt 12.4 zuwa 12.6. Idan aka tayar da inji, ya kamata awon ya hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.5, ya kuma tsaya kusa da haka ko an kunna fitilu. Idan bai hau ba, caji ba ya shiga. Idan ya zarce 15, wuta ta yi yawa, za ta dafa batir. Manyan motoci masu bolt 24 sukan nuna wajen 27 zuwa 28. Wasu motocin zamani kuma kwamfuta ce ke rage caji ko ƙara shi, don haka sai an haɗa da na'urar bincike kafin a yanke hukunci.

Akwai wata tsohuwar al'ada da ya wajaba a yi watsi da ita, wato cire kan batir inji na aiki don a ga ko mota za ta mutu. Wataƙila Peugeot 504 ta jure wannan a zamaninta, amma a motar yau wutar da ke yin tsalle a wannan lokaci tana iya ƙona kwamfutar mota, wadda ta fi altaneta tsada nesa ba kusa ba.

Ko da awo ya nuna babu caji, bai kamata a garzaya kasuwa ba. A fara da abu mai araha: bel da ya saki, kan batir da ya yi tsatsa, waya da ta tsinke, ko fis da ya ƙone. Idan duk waɗannan lafiya suke, sai mai wayarin ya buɗe altanetar. Galibi abin da ke lalacewa a ciki burushi ne, ko boris, ko daiyod, ko regileta mai daidaita wuta, kuma a yawancin motoci ana iya canza kowanne shi kaɗai.

Wannan batu ya shafi tattalin arziki kai tsaye. Tun bayan shirin SAP na 1986 da ya karya darajar naira, akasarin masu motoci suka koma ga kayan gyara na tokumbo, matakin barin kasuwa ta yanke farashin naira a watan Yunin 2023 kuma ya ƙara musu tsada. Yawancin altanetar da ake sayarwa a Ladipo, ko Nnewi, ko Ƙofar Ruwa da kuɗin waje aka shigo da ita. Duk wadda aka gyara maimakon a jefar, an ceci kuɗin ƙasa, an kuma ba ɗan gida aiki.

Idan saye ya zama dole, araha ba ta ado. A tabbata ƙarfin wutar da aka rubuta a jikin sabuwar ya yi daidai da na tsohuwar, a gwada ta kafin a biya, a kuma karɓi rasit mai ɗauke da wa'adin mayarwa. Wajen ɗaurawa, a fara cire wayar batir mai alamar ragi, a ɗaure bel daidai, sannan a cika batir da caji tukuna, domin ɗora wa sabuwar altaneta mataccen batir gajarta mata kwana ne.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin masu sufuri irin su NARTO da NURTW, da ƙungiyar kanikawa ta NATA, da su mayar da awon caji ya zama ƙa'ida a gareji da tasha, musamman kafin doguwar tafiya. Mai mota kuma ya riƙe sharaɗi guda: kada ya fitar da kuɗin batir ko na altaneta sai ya ga abin da mita ta nuna da idonsa.