Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Masu Haɗa Matuƙan Sarbo da Na'urorin PLC

Zuwa ga injiniyoyi da masu aikin lantarki a masana'antu,

Wannan wasiƙa ta shafi aikin haɗa matuƙin sarbo, wato na'urar da ke ba moto wuta gwargwadon matsayi da gudu da ƙarfin juyin da aka umarta, da na'urar PLC, wadda ke riƙe da tsarin aikin injin baki ɗaya. Abin da take jaddadawa shi ne, koriyar fitilar da ke kamawa a bakin waya shaida ce kawai cewa saƙo yana wucewa, alhali aiki bai kammala ba sai na'urorin biyu sun daidaita a kan lokaci, da ma'auni, da matakin ɗauka idan sadarwa ta yanke.

Lokaci shi ne kan gaba, domin kayan da ke tafiya da gudun mita 1 a sakan yana cin milimita 1 a kowane milisakan, don haka ɗan jinkirin saƙo yakan bayyana a matsayin yankan da ya karkace ko tambarin da ya kauce. EtherCAT, hanyar sadarwar da kamfanin Beckhoff na Jamus ya fito da ita a 2003, tana saita agogon dukkan matuƙa har saɓaninsu ya gaza maikirosakan 1. PROFINET a nau'inta na IRT tana keɓe wa saƙonnin motsi wani yanki na kowane zagaye, yayin da EtherNet/IP ke dogara da ƙa'idar IEEE 1588 ta saita agogo. Ya wajaba injiniya ya tantance tun farko ko motocinsa za su yi tafiya tare a kan taku ɗaya, kuma ya guji cusa na'urar rarraba waya irin ta ofis a kan layin da aka gina don wannan daidaito.

Bayan lokaci sai fahimtar juna. Kowane matuƙi yana zuwa da fayil mai bayyana shi ga PLC, wato ESI a EtherCAT, GSDML a PROFINET, EDS a EtherNet/IP, kuma dole fayil ɗin ya dace da manhajar da ke cikin matuƙin. Matuƙan da ke bin tsarin CiA 402 suna tashi ne daki-daki, inda PLC ke aika 6, sannan 7, sannan 15 a kalmar umarni, kuma daidai shi ne a karanta kalmar bayanin hali bayan kowane mataki kafin a aika na gaba. Ma'auni ma yana buƙatar natsuwa, saboda enkoda, wato abin da ke ƙirga juyin moto, idan mai bit 20 ce tana ba da ƙirga 1,048,576 a juyi ɗaya, kuma sai an haɗa wannan adadi da lissafin giya kafin ya zama milimita. Kuskure a nan yana iya tura ƙarfe ya daki bango da cikakken gudu, shi ya sa gwajin farko ake yin sa da ƙaramin gudu da taƙaitaccen ƙarfi.

Abu na uku, wato yankewar sadarwa, shi ne wanda aka fi yi wa sakaci. Wayar sadarwa ta tagulla ba ta wuce mita 100 tsakanin na'ura da na'ura, kuma idan aka shimfiɗa ta kusa da wayar wutar moto ba tare da an haɗa sulkenta da ƙasa ba, hayaniyar lantarki za ta riƙa lalata saƙonni. Ya kamata a zare wayar da gangan yayin gwaji, a ga yadda matuƙi zai tsaya, kuma kada a bari ya sake tashi da kansa, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tsarin kariya na STO yana hana moto ƙarfin juyi kawai, ba ya taka birki kuma ba ya cire wutar da ke cikin matuƙi, saboda haka kayan da ke rataye zai faɗo in babu birki, mai gyara kuma yana cikin haɗari har sai kafasitoci sun sauke cajinsu. A masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano, inda ake yawan komawa kan janareto, wajibi ne a gwada ko inji zai san matsayinsa bayan ɗaukewar wuta.

Daga ƙarshe, wanda ya gama aiki ya adana saitin kowane matuƙi da fayilolinsa, ya miƙa su ga masu masana'anta, domin ranar da matuƙi ya ƙone, wannan ajiya ce za ta ba mai gyara damar sa sabo ba tare da lalube ba.

Wassalam.